Babi na Shida: Asirin Gida a Bakin Abokin Hamayya

A garuruwan yammacin Jihar Katsina, tun daga Batsari har zuwa Runka da Safana da Babban Duhu, inda gonaki suke ƙarewa a bakin Dajin Rugu, gidan kallon ƙwallo yana cikin 'yan wuraren da suka rage waɗanda matasa ke haɗuwa a cikinsu ba don zaman makoki ko shawarar sintiri ba. Rumfa ce ta kwano ko ta zana, da bencina a jere, da talabijin ɗaya ko biyu da janareta ko batirin sola ke riƙe da su, ana biyan 'yan kuɗi a bakin ƙofa a shiga a kalli wasannin Ingila da na Sifen. Duk wanda ya saurari hirar da ake yi bayan an tashi wasa zai lura da wata 'yar kalma da ta fi kowace yawo a bakin masu kallo, wato "mu": mun ci, an cuce mu, bana kofi namu ne. Saurayin da ko Kaduna bai taɓa zuwa ba yana faɗin haka a kan Arsenal ko Chelsea ko Barcelona, kuma har zuciyarsa yake faɗa, domin ranar da ƙungiyarsa ta sha kashi da ɓacin rai yake kwana, gari ya waye yana kauce wa majalisar da ya san 'yan adawa na jiransa. Wannan babi zai duba abin da ke samun wannan "mu" ranar da labarin da ya fito daga gidan da ake ƙauna ya zama na lalata da yara ko cin zarafin ɗalibai, da kuma abin da abokan hamayya suke yi da irin wannan labari idan ya faɗo hannunsu.

Zolaya tsakanin ɓangarori tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa. Akwai wasan barkwanci, wato izinin da al'ada ta bai wa wasu rukunonin jama'a su riƙa tsokanar juna ba tare da an yi fushi ba, kamar yadda yake tsakanin Kanawa da Zagezagi, da Katsinawa da Nufawa, da Gobirawa da Yarabawa, da Fulani da Barebari, ko tsakanin taubasai, wato ɗan mace da ɗan namiji, waɗanda ake biyan kuɗin shara a tsakaninsu a watan cika-ciki. Sai dai wannan izini da nauyinsa yake tafiya, domin abokin wasa shi ne mai iya faɗa wa mutum gaskiyar da kowa ke jin nauyin faɗa, kuma shi ake sa ran gani a sahun gaba ranar da wani abu ya sami abokin wasan nasa. Adawar ƙwallo ta gaji izinin amma ta bar nauyin a baya. Katsinawa sun ga iyakar da takan kai a watan Afrilun 2022, lokacin da wasan Kano Pillars da Katsina United a filin Sani Abacha na Kano ya watse ba a kammala ba, aka farfasa motar baƙi, hukumar gasar ta ci Pillars tara, ta cire mata maki 3, ta kuma mayar da wasanninta na gida Abuja. Da kakar ta ƙare ƙungiyoyin biyu duka suka faɗa rukuni na ƙasa.

Misalin da ya fi fito da wannan al'amari a fili ya faru ne a Amurka, inda jami'o'i ke da ƙungiyoyin wasa da suke da magoya baya kamar manyan kulob-kulob na Turai. Wasan da ake magana a kai shi ne ƙwallon Amurka, wanda ake yi da ƙwallo mai siffar ƙwai, a ɗauka a hannu a ruga, ya kuma sha bamban da ƙwallon ƙafar da aka sani a nan. Jami'ar Penn State ta jihar Fensilbaniya tana da filin wasa mai cin mutum fiye da 106,000, kuma daga 1966 zuwa 2011 koci ɗaya ne ya ja ragamar ƙungiyarta, Joe Paterno, wanda ya ci wasanni 409, aka gina masa mutum-mutumi a bakin filin yana raye. Abin alfaharin jami'ar ya wuce yawan nasara, domin an san ta da cewa 'yan wasanta suna karatu suna kammalawa, ba a kuma kama ta da irin maguɗin da ake kama wasu. Wato da tarbiyya take tinƙaho, kuma wannan ne ya sa faɗuwarta ta yi ƙara.

A farkon Nuwamban 2011 aka kama Jerry Sandusky, tsohon mataimakin Paterno wanda ya yi ritaya a 1999, bisa tuhumar lalata da yara maza. Sandusky ya kafa wata gidauniyar taimakon yara marasa galihu tun 1977, kuma daga cikin yaran gidauniyar yake zaɓar waɗanda zai cuta, yana jan su da kyaututtuka da tikitin shiga kallon wasa. Abin da ya fi girgiza jama'a shi ne bayanin cewa tun a 2001 wani ƙaramin ma'aikacin ƙungiyar, Mike McQueary, ya gan shi da wani yaro a ɗakin wankan 'yan wasa, ya faɗa wa Paterno, Paterno ya faɗa wa shugabannin da ke samansa, maganar ta mutu a nan ba ta kai ga 'yan sanda ba, mutumin kuma ya ci gaba da yawonsa shekara goma. A watan Yunin 2012 kotu ta same shi da laifi 45 cikin 48 da suka shafi yara 10, daga baya aka yanke masa ɗaurin shekara 30 zuwa 60. Rahoton da tsohon shugaban hukumar FBI, Louis Freeh, ya fitar a watan Yulin wannan shekara ya ce manyan jami'ar huɗu, har da Paterno, sun ɓoye al'amarin don gudun zubewar suna. Iyalan Paterno, wanda ya rasu a Janairun 2012 ba tare da an tuhume shi a kotu ba, sun ƙi amincewa da rahoton, amma sauran ukun kotu ta hukunta su a 2017 kan laifin jefa yara cikin haɗari.

A daren 9 ga Nuwamban 2011, da aka sanar da korar Paterno, dubban ɗalibai suka fantsama kan titi suna kiran sunansa, har suka kife motar wani gidan talabijin. Ba a yi irin wannan fitowa ba ranar da aka ji abin da aka yi wa yaran. Kwana biyu bayan haka wasu dubban suka taru da kyandirori don jajanta wa waɗanda aka cuta, kuma adalci ne a ambaci wannan, amma hoton motar da aka kife shi ne ya zagaya duniya, shi ne kuma abokan hamayya suka riƙe. Hausawa na cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, kuma a kan wannan hanya magoya bayan suka bi: suka raba laifin gida biyu, suka ɗora wa Sandusky shi kaɗai, suka mayar da sauran maganar ta zama makircin 'yan jarida da na masu hassada. Da hukumar wasannin jami'o'i ta ci jami'ar tarar dala miliyan 60, ta kuma soke mata nasarori 112, hankalin da yawa daga cikinsu ya koma kan yadda za a dawo da nasarorin, kuma an dawo da su a Janairun 2015.

Su kuwa abokan hamayya, halinsu bai zo ɗaya ba. A wasan farko bayan fallasar, ranar 12 ga Nuwamba, 'yan wasan Jami'ar Nebraska da na Penn State suka haɗu a tsakiyar fili suka durƙusa suka yi addu'a tare kafin a take wasa, filin ya yi tsit. A 2016, da jami'ar ta shirya bikin tunawa da Paterno a wasanta da Jami'ar Temple, wasu magoya bayan Temple suka juya wa allon filin baya don nuna ƙin amincewa, wanda zanga-zanga ce mai ma'ana kuma ba ta taɓa mutuncin kowa ba. Amma abin da ya fi yawa, ya kuma fi daɗewa, shi ne ba'a. A Satumban 2014 sai da shugabannin Jami'ar Rutgers suka nemi afuwa a rubuce, saboda wasu magoya bayansu sun zo fili da riguna da kwalaye da suka mayar da fyaɗen yara abin dariya. Mai irin wannan riga yana ganin Penn State yake wulaƙantawa, alhali a cikin taron mutum dubu hamsin babu makawa akwai waɗanda aka taɓa yi wa irin wannan ta'asa suna yara, suna zaune suna karanta abin da ke rubuce a ƙirjinsa, kuma darasin da suke ɗauka shi ne cewa ranar da suka buɗe baki abin da zai biyo baya ke nan.

Shekarun da suka biyo baya sun nuna cewa masu dariyar ba su leƙa ɗakunansu ba. A Jami'ar Michigan State an gano likitan 'yan wasa Larry Nassar, wanda mata fiye da 150 suka tsaya gaban kotu a Janairun 2018 suka ba da shaida a kansa, jami'ar ta biya diyyar dala miliyan 500. A Jami'ar Ohio State binciken da aka fitar a 2019 ya nuna cewa likita Richard Strauss ya ci zarafin ɗalibai maza aƙalla 177, kuma ma'aikata da dama sun sami labari tun yana aiki. A Jami'ar Michigan an amince a 2022 za a biya dala miliyan 490 ga mutum fiye da 1,000 saboda likita Robert Anderson. Dukkan jami'o'in nan uku a gasa ɗaya suke da Penn State, kuma a lokacin da magoya bayansu suke rera mata waƙoƙin gori, nasu asirin yana binne a ofisoshin jami'o'insu. Karin maganar da ke cewa laifi tudu ne, mutum ya taka nasa ya hango na wani, ba ta cika samun shaida mai yawan wannan ba.

Ƙungiyoyin da ake goyon baya a rumfunan Safana da Batsari su ma suna da irin wannan tarihi, ko da yake ba a cika tayar da shi ba. A Nuwamban 2016 tsohon ɗan wasa Andy Woodward ya bayyana wa jaridar Guardian abin da kocin yara Barry Bennell ya yi masa, ɗaruruwan mutane suka biyo bayansa da nasu labarin, aka ɗaure Bennell, wanda ya yi hulɗa da Crewe da Manchester City, shekara 30 a 2018. Chelsea ta nemi afuwa bayan da ta tabbata cewa ta biya tsohon ɗan wasanta Gary Johnson fam 50,000 da sharaɗin ya yi shiru kan abin da wani ma'aikacinta ya yi masa a shekarun 1970. A Glasgow kuwa, inda adawar Celtic da Rangers ta haɗe da ta ɗariƙun Kiristanci, laifin Jim Torbett, wanda ya kafa ƙungiyar yara mai ɗauke da sunan Celtic aka kuma ɗaure shi a 1998 da 2018, ya zama waƙar da ake rerawa a filin wasa shekara da shekaru. Waƙar ba ta sa an biya kowa diyya ba. Abin da ta yi shi ne ta ba masu kare kulob ɗin hujjar cewa duk mai tayar da maganar ɗan adawa ne.

A nan ne cutarwar ba'ar abokin hamayya take, kuma tana da wuyar ganewa saboda sau da yawa abin da yake faɗa gaskiya ne. An yi laifin, an kuma ɓoye shi. Amma da zarar gaskiya ta zama makami a hannun wani ɓangare, sai karɓarta ya zama miƙa wuya, mutumin kirki na cikin gida wanda da zai ce a bincika sai ya ja bakinsa don kada a ce ya bi bayan maƙiya, wanda aka cuta kuma ya tashi daga matsayin ɗan gida da aka zalunta ya koma matsayin wanda ya jawo wa gida abin kunya. Yaron da ya fara kai ƙarar Sandusky sai da ya bar makarantar sakandaren da yake saboda tsangwamar da ya sha bayan korar Paterno.

Nijeriya ta ga irin wannan wasa cikin 'yan makonni a ƙarshen daminar 2019, sai dai tutocin da aka ɗaga na yanki ne da na addini da na irin karatun da mutum ya yi. Ranar 26 ga Satumba 'yan sanda suka shiga wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum fiye da 300, manya da yara, wasu da mari a ƙafa, wasu da tabon bulala a baya, wasu kuma suka ce an yi lalata da su. Irin wannan wuri shi ake kira gidan mari, wato inda iyaye ke kai kangararrun 'ya'ya da masu shaye-shaye a tsare su da sunan gyaran hali da karatu, sunan kuma ya samo asali ne daga ƙarfen da ake ɗaure ƙafa da shi. Ranar 7 ga Oktoba sashen binciken BBC ya saki fim ɗin da 'yar jarida Kiki Mordi ta jagoranta, wanda ya nuna malaman Jami'ar Legas da Jami'ar Ghana suna neman ɗalibai mata, aka dakatar da Boniface Igbeneghu na Legas, wanda malami ne kuma fasto. Mako guda bayan haka abin ya iso Jihar Katsina: a Daura, mahaifar shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, waɗanda ake tsare da su a wani gidan mari suka yi bore, da yawa suka tsere, 'yan sanda suka ce sun sami 67 a ɗaure kuma an ci zarafinsu, sannan cikin kwanaki kaɗan aka buɗe wani gidan a cikin birnin Katsina aka fito da ɗaruruwa.

Labaran nan biyu, na gidajen mari da na jami'o'i, laifi ɗaya suke bayarwa, wato babba ya sami iko a kan na ƙasa da shi a bayan katanga, hukumar da ke kansa kuma ta fi damuwa da sunanta. Amma a majalisu da shafukan Facebook an fi karanta su a matsayin ci da ramuwa. Mai ƙyamar karatun allo ya ɗauki Rigasa da Daura ya yi wa tsangaya duka kuɗin goro, mai kare tsangaya ya ɗauki Legas ya ce ga tarbiyyar boko nan, ɗan Kudu ya nuna Arewa, ɗan Arewa ya nuna Kudu, a tsakanin Musulmi kuma tambayar farko da wasu ke yi ita ce malamin na wane ɓangare ne, ɗan ɗariƙa ko ɗan Izala, domin a san ko za a yi kuka ko za a yi shewa. Masu cewa gidan mari daban tsangaya daban sun faɗi gaskiya, domin alaramman da ke koyar da Alƙur'ani a zaure ba ya ɗaure kowa da ƙarfe, kuma zalunci ne a shafa masa kashin kaji. Sai dai wannan gaskiya ta zama wa mutane da yawa wurin fakewa, suka tsaya a kan wanke sunan tsangaya, ba su ƙarasa ga tambayar yadda aka yi gidaje irin waɗannan suka shekara da shekaru a tsakiyar unguwanni, maƙwabta suna jin kuka, masu unguwa suna wucewa, ba wanda ya ce uffan.

Abin lura shi ne cewa a duk waɗannan al'amura ba abokin hamayya ne ya tono asirin ba. 'Yar jaridar da ta fara buga labarin binciken Sandusky a Maris ɗin 2011, Sara Ganim, a Penn State ta yi karatu, kuma aikin ya ba ta lambar yabo ta Pulitzer. Woodward a hannun Bennell ya tashi. A Daura waɗanda ke cikin mari ne suka ɓalle da kansu. Yunƙurin ArewaMeToo, wanda Fakhrriyyah Hashim ta sa wa suna a Fabrairun 2019, 'yan matan Arewa ne suka tayar da shi a kan abin da ke faruwa a gidajen Arewa, kuma abin da aka fara jifansu da shi shi ne cewa 'yan koren Turawa ne masu son ɓata sunan yankin, wato an mayar da su 'yan adawa da ƙarfi don a sami damar ƙin sauraronsu. Abokin hamayya yakan iso ne bayan an gama aikin mai haɗari, ya ɗauki sakamakon ya yi ado da shi.

Wannan magana ta shafi mutanen Babban Duhu da maƙwabtansu fiye da yadda ta shafi mutanen birni. Shekarun hare-haren 'yan bindiga sun rufe makarantu da dama a ƙauyukan bakin daji, kuma tun bayan sace ɗaliban Ƙanƙara fiye da 300 a Disamban 2020 iyaye suka ƙara tsorata da makarantun kwana na karkara, don haka mai hali yakan tura ɗansa Dutsin-Ma ko Katsina ko Kano, wurin malamin allo ko makarantar boko ko gidan wani ɗan'uwa. Uban da ke nesa ba shi da abin dogaro sai suna: sunan malamin, sunan makarantar, shaidar da 'yan ɓangarensa suka bayar. Idan yaro ya dawo hutu ya yi shiru, ya rame, ya ce ba ya son komawa, abin da zai faɗa zai taɓa mutumin da mahaifinsa ya zaɓa da kansa, wanda jama'ar masallacinsu ke girmamawa, kuma yaron ya riga ya ji yadda ake shewa a majalisa idan asirin malamin wani ɓangare ya tonu. Rufin asiri, wanda Bahaushe ke roƙon Allah ya ba shi safe da yamma, asalinsa kariya ce ga mai rauni, don kada talaucinsa ko kuskurensa ya zama abin hira. Idan aka shimfiɗa shi a kan mai cin zarafin yara, an ƙwace shi ne daga hannun wanda aka yi shi dominsa.

Bayan an rufe gidajen marin Daura da Katsina an miƙa yawancin waɗanda aka kuɓutar ga iyalansu, waɗanda da yawansu su ne suka kai su da hannunsu, suna kuma biyan kuɗin abinci da na tsaro. Ba mugunta ce ta kai mafi yawan iyayen nan ba, rashin mafita ne, domin shan kodin da tiramol ya yi wa matasan Arewa illar da ta sa gwamnatin tarayya ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018, manyan asibitocin ƙwaƙwalwa da aka fi sani a yankin kuma suna Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Dawanau a Kano. Manomin Safana da ɗansa ya fara dukan uwarsa saboda ƙwaya, ga hanya ba lafiya, ga kuɗin mota da na gado da na magani, inda zai kai yaron nan ita ce tambayar da ke gabansa a Oktoban 2019, kuma a cikin duk masu musayar gorin da aka yi a wancan wata, na Kudu da na Arewa, na boko da na allo, kaɗan ne suka tsaya a kanta.